Askin Masara a Demsawo

A daminar da ta biyo bayan shekarar da mutanen Mubi da Michika suka kwararo Yola da 'yan ƙunshinsu a ka, kusan babu unguwar da ba ta kafa kwamitin tsaro ba a Jimeta. Bam ya tashi a kasuwa, an rasa rayuka, kowa a tsorace yake, kuma tsoron na gaskiya ne. Wani layi a Demsawo ma ya kafa nasa kwamitin, aka duba aka duba, aka naɗa Bappa Nu'uman ciyaman, domin shi kaɗai ne ba shi da wurin zuwa da safe.

Bappa Nu'uman ya tsufa yana aikin gwamnati a sakatariya, inda ya yi suna da abu guda: fayil bai taɓa bi ta teburinsa ya fita ba tare da ya rubuta masa "a sake dubawa" ba. Tun da ya yi ritaya ba wanda ya ƙara neman izininsa a kan komai, har kajin gidansa. Don haka ranar da aka ba shi muƙamin ya sayi usur da tocila, ya sa tela ya ɗinka masa riga mai aljihu ko'ina.

Sai dai makonni suka yi ta shuɗewa kwamiti bai kama kowa ba. An taɓa tare wani mai tallan katifa, aka sa ya kwance ta, aka bincika sosai, aka tarar katifa ce. Wannan rashin aiki ya dami Bappa ƙwarai.

Ana haka idonsa ya faɗa kan masara.

Layin nasu cike yake da filayen da masu su suka saya ba su gina ba, kuma a shekarar ba filin da aka bari. Kowane gida akwai baƙi 'yan gudun hijira, bakuna sun yi yawa, buhu ba ya kwana. Ruwa ya makara, saboda haka kusan kowa a mako ɗaya ya yi shuka. Zuwa watan Agusta masara ta yi baƙi ƙirin don kyau, ta wuce tsayin mutum, ta soma fitar da furen nan na samanta mai kama da tsintsiya. Kowa ya wuce sai ya ce masha Allah. Bappa kuwa da ya duba, maɓoya ya gani.

Ya kira taro a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa bayan la'asar.

"Jama'a, muna barci da maciji a ɗaki," in ji shi. "Mutum da bindiga zai iya tsayawa a cikin masarar nan tun safe har yamma, muna wucewa muna gaishe shi ba mu sani ba. Ban ce a sare ta ba, ni ba azzalumi ba ne. Aski za a yi mata. Duk masarar da ake gani daga ƙofar gida, in ta wuce kafaɗata, a datse kanta. Ai goyonta a tsakiya yake, abin da ke sama ado ne kawai."

Aka gyaɗa kai. Wasu daga cikin masu gyaɗa kan manoma ne tun kakanninsu, sun san abin da suka sani, amma a shekarar nan wa zai so a ce shi ne ya tsaya wa maɓoyar 'yan bindiga?

Mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu, wato Malam Ishmael, tsohon malamin kimiyya na sakandare. Jama'a suka yi ajiyar zuciya tun kafin ya buɗe baki, don Malam Ishmael irin mutumin nan ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya faro maka daga yadda duniya ke juyawa.

"Ciyaman, ina da gyara kaɗan. Da farko, ganyen nan shi ne kicin ɗin masara. Da hasken rana da iska da ruwan da saiwa ta jawo yake dafa mata abinci. In ka yanke ganyen sama ka rage mata murhu. Wannan ma mai sauƙi ne. Na biyu, abin da kake kira ado, shi ne namijin."

"Shi ne me?"

"Namijin. Gemun da ke fitowa a bakin goyon kuma shi ne macen. Namijin yana zubo wani gari mai laushi, bununi, iska ta ɗauka ta zuba a kan gemun. Kowane silin gemu ɗaya, ƙwayar masara ɗaya ce. In babu garin nan..."

"A'uzubillahi!" Bappa ya katse shi. "Tica, da girmanka? Mace da gemu, namiji a kanta, duk a kara ɗaya, kuma a gaban dattawa kake faɗa? Abin da kuka yi ta koya wa 'ya'yanmu ke nan?"

Aka kwashe da dariya. Malam Ishmael ya ce bari ya zana musu a ƙasa, ya sunkuya neman tsinke. Kafin ya ɗago an shafa fatiha, rabin taron ya kai bakin masallaci.

Washegari aka fara aski. Bappa, da yake shugaba ne nagari, da gonarsa ya fara. Gonar tana bayan gidansa, jingine da wani kango da ya soma ginawa tun yana aiki, wai bene ne, wanda har yau bai ga rufi ba. Ya tsaya ƙiƙam a bakin kunya, ana gwada kara da kafaɗarsa ana datsewa. Da yake Allah bai yi shi dogo ba, askin ya yi ƙasa sosai. Daga nan aka bi fili fili. Malam Ishmael ya datse tasa da hannunsa, yana yi yana yi wa kowane kara bayanin dalilin da ya sa bai kamata ba. Tumakin unguwa ne kaɗai suka yaba wa kwamiti da zuciya ɗaya, don sun ci ɗanyen ganye har sun ƙi dusa.

Yanzu kam daga ƙofar Bappa kana hango ƙarshen layi. Ya kan tsaya da yamma, hannu a baya, yana kallon tsaron da ya samar.

Masara ta yi goyo, goyon ya yi gemu. Gemun ya yi ta tsawo, ya yi ta tsawo, kamar mai jiran baƙon da ya ce yana hanya. Bappa ya ce wannan alamar albarka ce, bai taɓa ganin gemu mai tsawon haka ba. Da lokaci ya yi aka fara ɓarewa, sai ga totuwa fara fat, ƙwaya ɗaya a nan, ɗaya a can, kamar haƙoran tsohuwa. A wasu ma tsohuwar ba ta da ko ɗaya.

Mata suka daina gaida Gogo Raudatu, matar Bappa, da fara'a. Bappa ya ce taki ne na jabu. Da aka tuna masa cewa rabin mutane ba su sa taki ba, ya ce to rashin takin ne.

Amma a gonarsa an ga abin mamaki. Layukan da ke kusa da kangon sun yi ƙwaya cike, sai dai ƙwayar rawaya ce, alhali shi fara ya shuka, irin da yake kawowa daga Ngurore kowace shekara. Ya ɗauki guda ya nufi gidan Malam Ishmael da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Tica, duba mini nan. Asiri ne ko cuta?"

Malam Ishmael ya juya ta, ya gyara tabarau. "Ba ko ɗaya. Uban ne rawaya. In bununin masara rawaya ya sauka a gemun fara, 'ya'yan sukan ɗauko launin uban. Akwai wata masara rawaya kusa da kai da ba a yi mata aski ba."

Bappa ya karɓi masararsa. Maganar da ta zama batsa a watan Agusta, yau ta zama hujja.

"Kana nufin akwai wanda ya karya dokar kwamiti?"

"Ina nufin iska..."

"Na gode, Tica. Kullum ina faɗa wa mutane, ilimi ba ƙarya ba ne."

Aka busa usur. Da hantsi kwamiti ya hallara, da 'yan kallo da suka fi kwamitin yawa. Bappa ya ɗaga masarar sama kamar lauya a kotu, ya ce ko wane ne, ko ɗan wane ne, yau asirinsa zai tonu, kuma kwamiti ba ya duba fuska. Ya sa Malam Ishmael a gaba. Malam Ishmael, wanda bai taɓa samun masu sauraro da yawa haka ba tun da ya bar aji, ya shiga gonar Bappa yana ɓare goyo yana bayani. Can nesa da kango, totuwa. Da aka matso, ƙwaya jefi-jefi. Da aka zo gindin bango, daidai wata babbar taga da ba a taɓa sa mata ƙarfe ba, kowace masara cike take har baki.

"Daga nan yake fitowa," in ji shi, ya nuna tagar.

Bappa ya ce ba zai yiwu ba, ai ba komai a ciki sai ƙadangaru. Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa, domin ya daɗe da daina leƙa kangon, ganinsa na tayar masa da hawan jini. Amma jama'a sun riga sun zagaya ta ƙofa.

A cikin babban falon da Bappa ya tsara don karɓar manyan baƙi, masara ce tsaye reras daga bango zuwa bango, kowace da kanta a sama ba wanda ya taɓa shi, kowace da goyo kamar damtsen ƙato. A tsakiya Gogo Raudatu ce da kwando, tare da Liyatu, wata mata daga Michika da Gogo ta ba ɗaki ita da 'ya'yanta tun lokacin gudu. Suna karya masara abinsu.

"Sannunku da zuwa," in ji Gogo. "Da kun aiko ai da an shimfiɗa tabarma."

"Raudatu! Mene ne wannan?"

"Masara ce, Baban Yusrah. Ka manta kamanninta ne? Irin da aka raba wa su Liyatu ne, ba ta da inda za ta shuka, na ce ga falo nan yana shan rana a banza."

"Ba ki ji dokar kwamiti ba?"

"Na ji. Ka ce a datse wadda ake gani daga ƙofar gida. Ka taɓa ganin wannan?"

Bappa ya juya kan Liyatu, don ita ce mai sauƙin. "Ke kuma, ke da kika san abin da mutanen nan suke yi, ke ce za ki yi musu maɓoya a gidana?"

Liyatu ta ajiye masarar da ke hannunta. Ba mai yawan magana ba ce, Hausarta ma ta kasuwa ce.

"Baba, yi haƙuri. Waɗanda ya zo garinmu, ba a masara ya ɓuya ba. Da mota ya zo, da rana, a kan titi. Mu ne muka ɓuya a masara. Ni da yara, har dare ya yi muka hau dutse."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Wani dattijo ya ce Allah ya kyauta, aka amsa ƙasa-ƙasa.

Bappa ya daɗe yana kallon masarar. Ya taɓa usur ɗinsa, ya sake shi. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa a sakatariya ba ya rasa abin rubutawa a kan fayil. Ya yi gyaran murya.

"To, alhamdulillahi. Jama'a, kun dai gani da idonku. Dama kowane shiri na tsaro yana da ɓangaren da ba a bayyanawa. Wannan ita ce gonar ajiyar iri ta kwamiti. An killace ta da bango don kada a rasa iri gaba ɗaya, kuma ga shi ba a rasa ba."

"Ikon Allah," in ji Gogo. "Shirin ya ɓoyu har ciyaman bai sani ba."

Bai ji ta ba, ko kuma ya ji ya ce a sake dubawa.

Masarar falo ba ta isa ta ciyar da layi ba, shekarar an sha wuya, an ci rogo har an gaji. Amma Liyatu ta ware masu kyau ta rataye a kicin inda hayaƙi ke bugunsu, da damina ta kusa ta bi gida gida ta ba kowa na shuka. Ita kuma da hanya ta buɗe ta kwashi 'ya'yanta ta koma Michika, ta tarar da gidanta ba rufi, ta aiko wa Gogo cewa ba komai, ta riga ta san abin da ake yi da ɗaki irin wannan.

Kwamiti ya ci gaba da zama har tsoro ya lafa, mutane suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba a sake maganar aski ba. Har yau in baƙo ya tambayi dalilin da tuwon layin nan yake rawaya, Bappa Nu'uman yakan gyara zama ya ce wani tsari ne da ya kawo lokacin rikici, kuma a duk tsawon mulkinsa ba a taɓa samun ɗan bindiga ko ɗaya a cikin masarar Demsawo ba. Wannan kam ba mai musa masa.