Shayin Agafya

Babban yaƙi ya ƙare, kowa na ɗokin komawa gida, amma wani soja Barney da abokansa sai suka ɗaga hannu wai a kai su Rasha, inda 'yan ƙasa ke yaƙar junansu. Tun daga Ostareliya fa! A shekarar 1919 aka sauke su wani ƙauye a bakin kogin Dvina, aka raba su gida-gida. Tsohuwa Agafya ta samu Barney, dogo kamar falwaya, wanda aka ce in ya saita bindiga ba ya kuskure.

Abin da ya hana ta sukuni ke nan. Ɗanta guda, Yefim, yana tsallaken kogin tare da Jajaye, mutanen da aka zo yaƙa.

Ran Talata da safe ta ga ana loda harsasai cikin kwalekwale. Ta ruga ta hura wutar tukunyar shayi.

"Zauna, ɗan nan. Ba a fita gidana da ciki wayam."

A garin nan ko ɗan yaye ya san in ka ƙoshi da shayi, kife kofinka kake yi. Muddin kofi na kallon sama, dole uwar gida ta ƙara. Barney kuwa ya shanye, ya ajiye kofi baki buɗe. Agafya ta cika. Ya shanye, ta cika. A kofi na shida gumi ya jiƙe masa riga, a na tara ya kwance bel.

"Sha mana! Kai da ka tsallako teku bakwai don faɗan da ba naka ba, ruwan zafi ne zai kayar da kai?"

"Iya, akwai daɗi," in ji shi da guntun Rashancinsa, idanunsa sun yi ja.

Saje ya busa usur a waje, ya sake busawa. A kofi na goma sha ɗaya Barney ya miƙe dafe da mara, ya nufi bayan ɗakin shanu da wata irin tafiya mai ban tausayi. Kafin ya gama, kwalekwale ya kai tsakiyar ruwa. An je an dawo ba a harbi kowa ba, shi kuwa aka ɗora masa haƙar masai na kwana uku.

Agafya ta ji kunya, amma wallahi ba ta yi nadama ba. Ta tsaya a bakin shinge tana ba maƙwabciyarta Matryona labari.

"Bawan Allah, ko kife kofi bai sani ba!"

"Wa? Dogon? Ke dai! Makon jiya a gidana ya sha kofi biyu ya kife, har da ɗora guntun sukari a kai kamar ɗan gari."

Da yamma Barney ya shigo duk laka, ya zauna, ya daɗe yana kallon hoton Yefim da ke jikin bango. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Iya," ya ce yana sosa ƙeya, "ran Juma'a ma za a tsallaka. Don Allah ki rage wa shayin zafi, harshena duk ya saɓule."