Giyabos Ɗin da Yaya Ya Kwance

Wajen ƙarfe goma na safe ne, ana ta yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum sharkaf amma yana hana masu mota fitowa. Gareji shiru. Auta, bakaniken da ya ba shekara arba'in baya amma sunan ya ƙi sakinsa, ya yaye tamfol daga kan jar motar da ke can ƙuryar rumfa, ya ɗauki tsumma ya fara goge ta, kamar yadda ya saba duk ranar da aiki ya yi sauƙi.

'Yar gajeruwar mota ce mai kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, irin waɗanda aka ƙera don gudu kawai. Ta yayansa ce, kuma a mace aka jawo ta. Ranar da ta iso, Auta ya shige ƙarƙashinta yana lalube a bayan injin, inda ya saba samun giyabos a duk motar da ya taɓa taɓawa. Bai ga komai ba sai wani dogon bututu. Ya fito ransa a ɓace, ya ce an cuci Yaya, an ba shi mota an zare mata giyabos. Yaya ya yi dariya har sai da ya zauna a kan tsohuwar taya. Da ya gama, ya kama shi ya kai shi bayan motar ya nuna masa: ga shi nan tsakanin tayoyin baya, shi da aksil a gida ɗaya. Ya ce da gangan aka yi haka. Injin a gaba, giyabos a baya, nauyi ya rabu biyu, in ta shiga kwana da gudu ba za ta kifa hanci ba. Bututun nan kuwa farfela ce a ciki, ita ke kai ƙarfin injin can baya.

Sati biyu Yaya ya yi yana kwance giyabos ɗin. Duk abin da ya ciro sai ya wanke shi, ya ajiye a kan katako, ya rubuta masa lamba da alli a gefe. Katako uku ya cika. Ana cikin haka aka kira shi aiki a wani gari mai nisa, ya ce wata shida zai yi ya dawo ya ɗaura.

Bana shekara bakwai ke nan.

A garejin nan akwai dokar da mahaifinsu ya kafa tun suna yara: duk wanda ya kwance abu, shi zai mayar da shi da hannunsa, don shi kaɗai ya san yadda ya same shi. Saboda haka Auta bai taɓa haɗa ko noti ɗaya ba. Mai kawai yake shafa wa ƙarafan kada su yi tsatsa, in alli ya dushe ya bi ta kan rubutun Yaya ya sabunta, har da yadda yake lanƙwasa lamba bakwai. A ransa, muddin katakon nan na cike, to, Yaya na da aikin da zai dawo da shi.

Mai Walda, maƙwabcinsa na rumfa, ya shigo fakewa yana karkaɗe hula.

"Ango, ana yi wa amarya kwalliya? Shekara bakwai ana zance, ko zagaye ɗaya ba a fita da ita ba."

Auta ya ce masa ya je ya ji da ƙofar mutane da ya liƙa a karkace. Mai Walda ya ce ai ƙofar daidai take, ginin ne ya karkace, ya ja benci ya zauna.

Nan wayar Auta ta yi ƙara. Yaya ne. Suka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da ruwan sama. Yaya ya ce ya samu rumfa tasa ta kansa a can, yara ma sun saba da makarantarsu, uwarsu ta fara 'yar sana'a. Auta na ta cewa madalla, amma hannunsa ya tsaya da gugar.

"Auta, motar nan na bar maka. Ka ɗaura ta ka hau."

"Haba Yaya. Kai ka kwance."

"Na sani."

Auta ya fara kawo dalilai. Ya ce shi bai taɓa haɗa irin wannan ba, ga haƙoran giya ga na aksil duk a gida ɗaya, in ya yi kuskuren washa ɗaya sai ta riƙa kuka a hanya. Ya ce ba sauri ake yi ba, ƙarafan lafiyarsu lau, ko bayan damina Yaya ya samu sati biyu ya isa. Yaya ya bar shi har ya gama.

"Zan zo mu gaisa, in Allah ya yarda. Amma zuwan da zan tuɓe riga in kwanta a ƙarƙashin mota, wannan kam ka daina jiransa, ƙanena."

Ruwa na ɗiga daga bakin kwano cikin wata tsohuwar robar mai. Auta ya dubi katakon nan uku, ya dubi ramin da ke tsakanin tayoyin baya, inda gizo-gizo ke yawan yi masa saƙa yana sharewa. Ya tuna yadda suke aiki da, Yaya a ƙasa shi a tsugune, kafin Yaya ya buɗe baki ya riga ya miƙa masa sifanar da yake so. Da kyautar mota da komai, da ma bai ɗaga wayar ba.

Mai Walda ya sunkuyar da kai yana ƙwaƙular ƙasan takalminsa.

"Kana ji na?" in ji Yaya.

"Ina ji. Da wanne zan fara?"

Yaya ya ce ya duba katako na uku, can ƙarshe, lamba mafi girma. Wanda ya fita a ƙarshe shi zai fara shiga. Ya ce kuma ya jawo gidan giyabos ɗin kusa da haske, ya wanke cikinsa tukuna, kada ya yarda ko ƙwayar yashi ta shiga.

Auta ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ya jawo kwanon fetur, ya tsoma hannu biyu. Ya ɗauko wani boris mai kauri, lamba sittin da huɗu, ya juya shi a tafin hannu. Yaya na ta bayani, wane gefe ne zai kalli ciki, wane ne waje. Da Auta ya sunkuya, wayar ta fara zamewa za ta faɗa cikin kwanon.

Mai Walda ya taso ya tare ta, ya riƙe masa ita a kunne, ya tsuguna kusa da shi yana kallon ruwan da ke sauka a waje.

"Sake faɗa, Yaya," in ji Auta. "Gefen mai rubutu ne ciki?"