Akushin 'Yan Dogarawa

Ni Delu mai tuwo aka ba girkin taron addinai da aka yi a Birnin Ƙwanni a shekarar 1991, kuma wallahi tun da Mushe Alkasum na buro, wato ofishin da ya shirya taron, ya faɗa mini sunayen baƙin, ƙafata ta ƙi zama ƙasa. Limamai, Fada na Katolika, fasto, har da wani dattijon arna mai layu. Duk ba su ne damuwata ba. Cikin limaman akwai yayana Malam Attahiru, faston kuma ƙanena ne, Illo. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, daga Dogarawa. Tun da Illo ya shiga addinin Masihu, hannunsu bai sake haɗuwa cikin kwano ɗaya ba, kuma abin nan yana ci mini rai.

Da safe na leƙa ta taga. Jawabi ake ta yi kan zaman lafiya, ana tafi, nawa biyun kuwa wannan ya ba wancan ƙeya. Ka ji masu haɗa duniya!

Mushe Alkasum ya kawo farantai na tangaran, kowa da nasa da cokali, irin cin abincin Nasara. Na tura su ƙarƙashin buhun gero na zauna a kai. Da ya zo nema, na ce masa baƙin kirki ba a raba musu kwano, a akushi za a ci, kowane gari da nasa. Ya yi ta faɗa da Faransanci, ni ko ina ta kaɗa miyar kuɓewa ina dariya ciki ciki.

'Yan Malbaza suka kewaye nasu. Fada ya faɗa cikin 'yan Bazaga tare da mai layu, yana yanko tuwo miya na bin gwiwar hannunsa, dattijon na koya masa yadda ake loma. 'Yan Dogarawa fa? Su biyu ne rak. Na dire akushin tsakaninsu, na tsaya da ludayi a hannu kamar jandarma.

Suka zauna don kunyar mutane. Malam ya yi bisimilla, Illo ya rufe ido ya yi tasa addu'ar.

Sai na ga hannun hagun Illo ya tafi da kansa ya riƙe bakin akushin. Haka ake yi a gidanmu, ƙarami ke riƙe kwano in ana ci da manya, kuma ba ya taɓa nama sai an ba shi. Mutum da furfura a gemu, da littafinsa a aljihu! Shi kansa bai san ya yi ba.

Malam ya dubi hannun nan, ya daɗe yana dubansa. Can ya tsinko tsokar da ta fi girma ya tura gaban Illo da yatsa.

"Ci mana, auta," ya ce. "Har yanzu sai an ce maka?"

Ai ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Zauren ya juyo duka, Mushe Alkasum ya zabura yana tambaya ko wani abu ya ƙone. Ina kuka ina dariya, na ce masa ba komi, ƙari zan kai wa 'yan Dogarawa.