Dutsen Tafki Ya Fito da Wuri

A ƙauyenmu, can bayan Tudun Kaya, ba a duba wata kafin a yi su, wato kamun kifi na gayya. Akwai wani baƙin dutse a tsakiyar tafki. Ranar da kansa ya leƙo, Sarkin Ruwa zai sa a yi shela, kowa ya ɗauko komarsa ya faɗa ruwa. Tun muna yara dutsen nan ba ya fitowa sai bazara ta yi nisa.

To, tun farin tamanin da huɗu tafkin ya tsiyace. Ni Turai da nake suyar kifi na fi kowa sani, don kwanon suyata har tsatsa ya yi. Yayana Barau ne ya ɗauki abin da zafi. Ya yi ta sintiri gidan ƙyanƙyasar kifi na gwamnati, har suka gaji da ganinsa suka ba shi 'ya'yan tarwaɗa da karfasa cikin duro. A bayan akori-kura ya kawo su, yana rungume da duron kamar jariri, ya juye su a tafki. Sharaɗi ɗaya aka ba shi, kada a taɓa su sai sun shekara.

Sai damina ta ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Ana cikin cirar gyaɗa dutse ya fito.

Ni na raka Barau wurin Sarkin Ruwa Ilu. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, “Baba, a yi haƙuri bana. Kifin nan bai wuce yatsa ba. Ba lokaci ne ya yi ba, ruwan ne babu.”

“Dutse ya fito ko bai fito ba?”

“Ya fito, Baba, amma...”

“To Barau, kakana ma bai taɓa yi wa dutsen nan gardama ba. In na hana, me zan ce wa mutane? Miya lami suke sha.”

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Dattijo da furfurarsa, yana gani damina ta canja hali, amma wai dutse ne mai gaskiya. Su kuma mutanen gari da suka yi ta sa wa Barau albarka, su ne suka wuni ɗinkin koma. Wasu har gidan sauro suka kwanto, don kada ƙananan su zille. Mijina ma yana cikinsu, kuma ya ji ta bakina.

Ranar da aka yi su ɗin, Barau ya tsaya a gefe, hannu a baya, yana kallon tafkin yana komawa taɓo. Da ya ga ba abin da zai ragu, sai ya tuɓe riga, ya ari koma ya shiga shi ma.

Da la'asar ya kawo mini abin da ya kama cikin ɗan kwano, ya ce, “Soya mana, Turai.”

Ko ciki ban cire musu ba, babu inda wuƙa za ta shiga. Ya tasa kwanon a gaba har ya huce, sannan ya kira 'ya'yansa ya miƙa musu.