Talotalon Sanata

Orville Stuckey yana ture mutane da gwiwar hannu a tashar jirgin ƙasa, yana cewa, "Ku ba ni hanya, ni sanata yake nema!"

Ya daɗe yana ɗan majalisar jiha, a zamanin da su kaɗai ke zaɓen sanata. Sanata Harbaugh ya sha kai shi babban otal, ya cika shi da nama da sigari, har yana ce masa ɗan'uwa. Bana doka ta sauya, zaɓe ya koma hannun kowa, a jiharsu har da mata. Orville ya rantse matarsa Lavina ba za ta bi layin zaɓe da 'yan ƙwadago ba. Kuma ya bi gari yana shela cewa yau sanata zai ci abincin rana a gidansa. Lavina ta yanka talotalon da take kiwo don bikin godiya na ƙarshen kaka.

Jirgi ya tsaya. Sanata bai sauko ba. Daga barandar taragon ƙarshe ya sunkuyo, ya gaisa da maƙeri, ya gaisa da mai wanki, ya yaba hular wata tsohuwa.

"Ranka ya daɗe, ni ne! Stuckey!"

"Madalla, baba," in ji sanata, idonsa na kan na bayan Orville. "Jibi ne zaɓe, ka fito da wuri. Ka taho da uwargida, ƙuri'arta daidai take da taka."

Jirgi ya yi kuka ya wuce.

Gus mai aski ya ɗaga murya: "Onarabul, mu biyo ka ne? Kada naman ya huce!"

Aka kwashe da dariya. Orville ya bi ta bayan rumbunan alkama, hanyar da ko kare bai cika bi ba.

Ya tarar Lavina ta jera farantan aurenta. Ta dubi ƙofa a bayansa, ta dube shi.

"Jibi ka haɗa keken doki da sassafe," ta ce. "Zan je."

Ya daɗe yana murza bakin hularsa.

"Wa za ki zaɓa?"

"Kai ka taɓa gaya mini naka?"

Ta yanko cinya, ta sa a farantin da ke kan gaba, wanda aka ajiye wa sanata. Ta ja kujerar sanatan ta zauna. Orville ya raɓa gefe, ya miƙa nasa farantin.