Kaset Na Goma Sha Tara

Ranar Talata ce, tun safe ake wani yayyafi mai sa mutum ya rasa ko ya ɗauki lema ko ya bar ta. Na naɗe kyamarar Baba a tawul, na cusa ta a cikin riga, na nufi shagon mai gyara.

Kyamarar ta girme ni. Irin mai ɗan ƙaramin kaset ɗin nan ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta take aiki. Da ita Baba ya ɗauke mu tun muna rarrafe. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, ƙafa ta ƙi. Likita ya ce da motsa jiki zai iya sake takawa, ni kuma na ƙudura cewa ranar da zai taka sai na ɗauka. Sai dai falonmu ba haske, tsohuwar kuwa in ta shiga duhu kowa inuwa yake komawa. Wayata ma idonta ya tsage tun ranar da na faɗi da ita a kan babur.

Mai gyara ya ciro mini wata 'yar ƙarama mai aiki da memori, ya saita ta ƙarƙashin teburinsa inda ba haske. Har ƙusar da ta faɗi a wurin na gani.

"Ka bar mini tsohuwar in cire kayan cikinta, ka cika abin da ya rage, ka tafi da wannan," in ji shi.

Har na miƙa masa. Ya karɓa, ya juya ta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Kaset nawa ne a gida?"

"Talatin da ɗaya."

"To da me za ka kalle su?"

Ban yi wannan tunanin ba. Ya mayar mini da ita, ya haɗa mini da wata waya da zan jona ta da kwamfuta in kwashe abin da ke ciki.

"Amma ka sani, kaset na awa ɗaya zaman awa ɗaya ne, ba a yi masa gaggawa. Kuma tsohuwar nan ta fara cin zare. In ka ji ƙaras-ƙaras, kada ka danna komai, fizge wayar wuta daga bango. Zan ajiye maka sabuwar zuwa Asabar ta sama."

Da na je aron kwamfuta wajen yayata, sai da ta ajiye jakarta don ta ji daɗin dariya.

"Kai ne za ka zauna awa talatin da ɗaya, Ƙafar Yawo? Kai da ka bar makaranta a aji huɗu, ka bar tela bayan wata biyu, ka bar gareji ana cikin kwance inji?"

"Wata uku na yi wajen tela, Yaya."

"Yi haƙuri, na ci maka wata ɗaya."

Ta dai ba ni. Na ce mata wannan karon sai na ga ƙarshensa, ta ce Allah ya nuna mata.

Na kafa kayan a kan teburin falo, wayar wuta ta miƙe zuwa soket ɗin da ke gefen kabad. Umma ta gyara wa Baba kujerarsa ya fuskanci kwamfutar, ta ajiye masa kofin shayi a hannun kujera. A gabansa na maimaita mata abin da mai gyara ya ce game da ƙaras-ƙaras, ko da zan shiga banɗaki.

Kaset na farko ya fara juyawa. Wani tsakar gida ne da ban sani ba, Yaya tana 'yar shekara uku, tana ƙoƙarin sa wa kyanwa hula. Sai muryar Baba ta fito daga bayan kyamara, garau, da ƙarfinta: "Ke, malama, kyanwar ta ce miki sanyi take ji?"

A nan falo kuwa, Umma tana bakin ƙofar kicin da jiƙaƙƙen hannu. Ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Shekara guda ke nan ba mu ji muryar nan ba. Baba kuwa ya kafa wa allon ido, gefen bakinsa mai lafiya yana motsi.

Ashe shi ba ya fitowa a hotunan, magana kawai yake yi. Ya tsokani maƙwabci, ya ce wa Umma ta daina ɓuya bayan labule, ya yi faɗa da direban motar da ta kwashe kayanmu zuwa wannan gidan. A nan na gane cewa ranar Talata muryarsa na miƙa wa mai gyara, shi ya dawo mini da ita.

Zaman bai zo mini da sauƙi ba. Ƙafata rawa take yi a ƙarƙashin tebur. Na ƙirga juyin fankar sama, na yanke farce, na gyara hannun buta. Amma kwana huɗu na yi ban tsallake ƙofa ba in kaset yana juyawa, na kwashe goma sha takwas.

Ranar Lahadi da hantsi na ɗauko na goma sha tara. A jikinsa Baba ya rubuta: "Auta ya taka." Ni ne autan. Yaya tana wajen aiki, Umma ta tafi kasuwa. A allon ga wani yaro mai ƙaton kai yana riƙe da ƙafar kujera, Baba yana cewa, "Sake ta mana, jarumi, zo nan."

Sai na ji ƙarar birki da karo a mahaɗar titinmu, hayaniya ta biyo baya. Na ce a raina leƙawa kawai zan yi.

"Baba, minti biyu."

Ya ɗaga hannun hagu, ban tsaya na ga abin da yake nufi ba. Ba wanda ya ji rauni a wurin. Fitila ɗaya ce ta fashe, direbobi biyu suna ta rantse-rantse. Na tsaya har na ba da shaidar abin da ban gani ba.

Da na dawo, falon shiru. Kujerar Baba ba kowa, kofin ya tarwatse a ƙasa. Yana tsaye a jikin kabad, kafaɗarsa jingine da shi, gumi ya jiƙa masa riga, wayar wuta tana hannunsa na hagu. Zaren kaset ya leƙo ta bakin kyamarar a cukurkuɗe.

Na tare shi, na mayar da shi kujera. Nauyinsa duk a kaina, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya dube ni, ya dubi ƙofa. Na cire takalmana, na tura su ƙarƙashin kujerarsa, ya ɗora ƙafarsa mai lafiya a kai.

Da Yaya ta dawo ta ji labari, na jira dariya ko faɗa. Tsayawa ta yi tana auna tsakanin kujera da kabad da ido.

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Kai kuma kana ina?"

"Ina ba da shaida."

Ta je ta durƙusa gaban Baba ta riƙe hannunsa.

Mai gyara ya yanke inda zaren ya lalace, ya liƙa sauran. Yaya ce ta kai masa, don ni ban da takalmi. Sauran goma sha biyun na kwashe su cikin kwana uku, wayar wuta a cinyata. Biyu daga ciki danshi ya riga ya ci su, ba komai sai ruwan toka da ƙara, amma su ma na zauna har suka ƙare.

Ranar Asabar na naɗe tsohuwar a tawul, na tsaya gaban Baba ina jira. Ya shafa ta sau ɗaya, ya tura mini ita, ya ɗage ƙafarsa daga kan takalmana. Sabuwar tana kan kabad yanzu, a cike da caji, tana fuskantar kujerarsa, ni kuma ina gefe.

Abin da muka rasa: kaset biyu na danshi, kofi ɗaya, minti tara na kaset na goma sha tara wanda takuna na farko yake ciki, da taku shida ko bakwai na Baba daga kujera zuwa kabad, waɗanda ba wanda ya gani.