Rediyo a Bakin Ƙofa

"Riƙe ta sosai, Baba," in ji likitar ƙwaƙwalwa. "Ka juya ta, ka duba. Sannan ka mayar."

Tsohon mai gyaran rediyo ya juya rediyon a hannu. Ta katako ce, irin wadda aka daina yi, maɓallinta ɗaya ya ɓalle. Maganin yau ke nan: su shigo kasuwar gwanjo tare, ya taɓa abin da ransa ke so, ya fita hannu wofi. A gida matattun rediyoyi sun cinye falo, sun fara hawa gado. Matarsa ta ce ko ƙusa ɗaya ta sake shiga gidan, ita za ta fita, ta koma wurin 'yarsu.

"Me kake ji?"

"Ƙaiƙayi a tafin hannu. In na bar ta, wani zai farfasa ta don waya kawai."

"To, mu tsaya da ƙaiƙayin. Zai hau, zai sauka."

"Ke dai kin iya magana, 'yata."

Suka tsaya. Ya sauya ƙafa, ya share gumi, ya sake sauya ƙafa. Ƙaiƙayin bai sauka ba, ya dai daina hawa. Ya ajiye rediyon.

Mai gwanjon, wanda ya daɗe da saninsa, ya leƙo. "Yau lafiya, maigida? Ko aljihu ne ba lafiya?"

Tsohon ya cusa hannuwansa cikin riga, suka fita.

Da suka rabu da likitar ya kasa zama a bas. Ya sauka tun kafin tasharsa, ya yi ta zaga tituna yana kauce wa shagunan kayan wuta, har ƙafa ta gaji. Yana so ya nuna wa matarsa hannuwansa.

Ya same ta tsaye a ƙofa. A kan matakala, daf da ƙafarta, ga rediyon katako.

"Ban saya ba," ya ce.

"Na sani. Mutuminka mai gwanjo ne ya kawo a babur. Wai ya ga kana so, kunya ta hana ka. Kyauta ce." Ta gyara tsayuwa. "Ni dai ban shigar da ita ba."

A bayanta yana hango 'yar siririyar hanyar da ta rage tsakanin kwalaye, da jakarta jingine da bango. Ya sunkuya ya ɗauki rediyon. Babban yatsansa ya je wurin da ya ɓalle.

"Akwai irin maɓallin nan a ciki."

"Akwai," ta ce. Ta matsa gefe, ta ba shi hanya.

Ya daɗe a tsaye, tafin hannunsa na ƙaiƙayi.

"Ki rufe mini abincin," ya ce. Ya danna rediyon a hammata, ya juya ya nufi tashar bas ɗin kasuwa.